Bututun Ƙarshe a Maƙerar Tsoho

Bututu uku na zo da su gida a wata damina, kowanne kaurinsa kamar fensir, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Na naɗe su a safa, na cusa a gwangwanin madara, na rungume jakar tun daga tasha har ƙofar gidanmu a Kankia. Inna ta ga yadda na ƙanƙame ta, ta tambaye ni ko zinariya na samo. Na ce mata da zinariya ce ai da sauƙi, ita ko a kasuwa ana samunta.

Ina shekara ta huɗu ke nan a karatun digiri na uku, fannin fiziks, kuma makaranta ta riga ta yi mini ƙarin wa'adi na ƙarshe. Aikina shi ne in yi waya da gari. Duk wayar lantarki da muka sani tana yi wa wuta turjiya, shi ya sa take ɗaukar zafi in an daɗe ana aiki da ita. To akwai wasu abubuwa da in aka sanyaya su ƙwarai da gaske, turjiyar sai ta ɓace ɗungum, wuta ta wuce ba abin da ya tare ta. Nawa abin, garin maganiziyam ne, wani ƙarfe marar nauyi ɗan'uwan sanholo, da garin boron mai kama da dakakken kwalli. Ana gauraya su, a ɗura a bututun ƙarfe mai laushi, a toshe bakinsa biyu, a yi ta jansa har ya sirance kamar tsinken tsintsiya. Sai an gama ja sannan a gasa, sau ɗaya tak, a tanderun da iska ba ta shiga. A wannan gashin ne garin biyu ke haɗewa ya zama abu guda mai tauri irin na kasko. In an gasa, ba ja kuma, ba lanƙwasa.

Injin jan waya na sashenmu ya mutu, abin da ya karye a cikinsa kuma an ce sai an yi odarsa. Ga wani ɗakin gwaji a ƙasar waje ya ba ni kwana biyar a kan injinsu na sanyi, an tsaida rana, saura mako shida. Garin boron ɗin kuwa ragowa ce malamina ya ba ni, na karkaɗe kwalbar kaf ta cika bututu uku. In na isa can ba waya a hannuna, shekara huɗu ta tafi a banza. Malamin ya ce in nemi a ɗaga ranar. Na ce ba zan nema ba, don na san in na saki wannan layin ba zan sake samunsa ba kafin wa'adina ya cika.

Abin da na dogara da shi, kakana ne, mahaifin Inna, wanda mu jikoki muke ce wa Tsoho. Maƙeri ne a Kusada, Allah ya jiƙansa. Ƙirar baƙi ya gada, fartanya da garma da lauje, amma da ƙuruciya ya yi zama a wajen Maraɗi ya koyo ƙirar azurfa. Tun ina yarinya na san wani gungumen ƙirya a maƙerarsa da ya kafa wa sarƙar keke da abin murɗawa. A gaban gungumen yake tokare wani guntun sifirin mota da ya huhhuda, kafofi jere daga babba zuwa ƙarama, ta nan yake jan azurfa ta zama zaren 'yan kunne. Na ce a raina, abin da injinmu ke yi ke nan, illa shi da lantarki, wannan da damtse.

Na hau acaɓa da safe, gero ya kai gwiwa hagu da dama. Na iske shi yana wa wasu manoman Bauranya gyaran fartanya. Yana ganina ya washe baki, ya ce wa mutanen su ba da hanya ga amaryarsa ta dawo, ta gama yawon bokon ta tuna da mijinta. Haka yake kirana tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce me zan yi da miji ba haƙora. Na nuna masa bututu ɗaya, na ce so nake ya zama waya. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a uwar maƙera, ya kara a kunne. Ya ce ƙarfen mai kyau ne, amma wane marar aikin yi ne ya cika masa ciki?

Sharaɗi ɗaya na gindaya: kada wuta ta taɓa shi. Ban yi masa bayani ba. Gaskiya gani nake bayanin ya fi ƙarfinsa, kuma wannan raini nawa shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya. Ya gyaɗa kai irin yadda ake gyaɗa wa yaro.

Ranar farko aiki ya yi kyau. Ya fara bugun bututun a hankali cikin wani kwari da ke jikin uwar maƙera, yana juyawa, har ya rage kauri. Ya fiƙe bakinsa da magagari, ya shafe shi da kakin zuma, ya zura a babbar kafa, awartaki ya kama, muka murɗa. Kafa huɗu muka wuce kafin la'asar. A ta huɗun na ji murɗawar ta yi nauyi, shi ma ya ji, ya ce a bari sai gobe. Na koma Kankia ina ta murna, har na ci tuwo malmala biyu.

Washegari aka tashi da ruwa, ban samu acaɓa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ina shiga na ga wayar a kan gungume ta canza launi, ta yi baƙi-baƙi da ɓawo a jikinta. Tsoho kuwa fuskarsa fal fara'a, ya ce ya rage mini aiki, ya sa ta a wuta ta yi ja sau ɗaya kawai don ta saki jiki, yanzu zan ga yadda za ta bi kafa kamar taliya. Shekara hamsin haka yake yi: in ƙarfe ya ƙi, a ba shi wuta ya huce. Hannunsa ne ya yi, ban ma jin ya tuna da maganata. Kafin in buɗe baki ya zura ta a kafa ta biyar ya murɗa. Muka ji ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa, wayar ta tsage, wani baƙin tsaki ya zubo. Garin ya riga ya gasu a ciki.

Ni dai Allah ya yi ni da baƙar zuciya, duk gidanmu an sani. A gaban manoman nan da ke zaune suna jiran ruwa ya ɗauke na ɗaga murya. Na ce ya kashe ni. Na ce abu ɗaya na roƙe shi, ɗaya tak. Sannan na faɗi wadda har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

"Wannan fa ba fartanya ba ce, Tsoho. Aikin ilimi ne."

Ya ɗauki tsagaggiyar wayar ya dube ta da kyau, ya ajiye, ya jawo fartanyar wani ya ci gaba da bugu. Manoman suka sunkuyar da kai, ɗaya ya tashi ya fita cikin yayyafi.

Da ina da hankali da a ranar na ba shi haƙuri. Ina! Kashegari na dawo da bututu na biyu, na ce da kaina zan ja, gungumen kawai zai ara mini. Ya ce ga shi nan. Bai ce amarya ba, "ga shi nan" kawai, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi. Kwana uku ina fama. Na buga yadda na ga ya buga, na shafa kaki, na murɗa har tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, na ɗaure da ƙyalle na ci gaba. Yana gefe yana aikinsa, amma na san kunnensa na wajena. A kafa ta shida wayar ta fara kuka, wani siririn ƙara mai shiga haƙori. Na ga ya dakata da bugu. Na cije na ƙara ƙarfi. Ta tsinke. Na sake fiƙewa na zura, ta sake tsinkewa, wannan karon ta tsage a tsaye, garina ya zube a ƙasan maƙera cikin toka da kashin awaki.

Na durƙusa ina kallonsa. Tsoho ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ƙarfe shina gajiya." Shi ke nan abin da ya ce.

Na koma gida na shige ɗaki na yi kuka, kukan haushi, don yanzu ba wanda zan ɗora wa laifi. Saura bututu ɗaya, saura kwana talatin da 'yan kai, kuma daga ciki sai na ware na gashi da na tafiya. In an sa wuta ya lalace, in ba a sa ba ya tsinke. Inna ta bar ni na yi mai isata, sannan ta shigo ta zauna a bakin gado. Labarin abin da na faɗa wa mahaifinta ya riga ya iso ta, ta bakin wata mai kawo nono. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ba ta san kan aikina ba, amma da wannan fartanyar da na raina aka ciyar da ita, da ita aka yi mata kayan ɗaki. Ta ce mutumin da zan nemi hannunsa, in ba shi har da dalili, don shi ba jaki ba ne da za a ɗora wa kaya a ce tafi. Ta ƙulle goro a leda ta ajiye mini a kan jaka.

Na je da sassafe, kafin masu gyara su taru. Na durƙusa har ƙasa na ajiye goron, na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya daɗe yana hura gawayi. Can ya ce in tashi, ƙasa da sanyi. Na ƙi tashi, na zauna nan na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko: cewa a cikin bututun akwai wani ƙarfe da aka niƙa, mai saurin narkewa, kuma da zarar ya narke sai ya kama ɗan'uwansa su daskare. Na ce ni ma na yarda ƙarfen waje yana son wuta. Na ciki ne ba ya so.

Ya ajiye zuga-zugin. Ya tambaye ni, wannan mai saurin narkewar, ya riga dalma narkewa? Na ce a'a, ya fi dalma jimiri nesa. Tutiya fa? Na ce ya fi tutiya ma. Sanholo fa, na tukunya? Na tsaya na tuno lambobin da na haddace, na ce kusan tare suke, nawa ya riga shi da kaɗan.

"To mi ya hana ki hwaɗi haka tun farko?" in ji shi. "Tsakanin tutiya da sanholo ai fili ne babba. Doki ma sai shi yi sukuwa a ciki."

Wallahi sai na ji kamar an ɗauke mini dutse daga ƙirji, kuma na ji ni ƙarama ƙwarai. Na san wannan filin a takarda, har na san ana yi wa irin wannan waya ɗan gashi mai sauƙi a tsakiyar ja. Abin da na ƙudurta shi ne ba za a iya ba sai da tanderun makaranta mai agogo, wanda ke can nesa, kuma ba zan yi ta zirga-zirga bayan kowace kafa uku ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa wutar gawayi ma ana iya yi mata linzami ba.

Ya fasa wani tsohon batirin tocila ya yanko ɓawonsa, tutiya ke nan. Ya gutsuro gefen wani murfin tukunya, sanholo ke nan. Ya ɗora bakin garma a kan garwashi, ya ajiye gutsattsarin biyu a kai, ya ce wayar za ta kwanta a tsakaninsu, a kife da kasko a bar 'yar kafar leƙawa. In tutiya ta narke, mun shiga fili. Daga nan zuga goma sha biyu a hankali, sai a janye garmar gaba ɗaya. Sanholon nan kuwa mai gadi ne, in har ya ko yi laushi to mun yi ɓarna. Kuma ba tsomawa a ruwa, a toka za ta huce.

Na ce ba zan sa bututun ƙarshe ba sai mun gwada. Ya ce yanzu na yi magana. Muka tsinto guntayen waya ta biyu da ba su tsage ba, muka yi ta gwaji da su kwana biyu. Kowanne ya huce sai in goge shi da magagari har in iske garin, in lakato da tsinke in murza a takarda. In ya murzu, gari ne har yanzu. Na farko biyu sun yi tsaki, ya rage zugar zuwa tara. Na uku ya murzu lumus, kuma ƙarfen ya lanƙwasu a hannu ba gardama. Muka maimaita sau huɗu don in tabbata.

Ranar da na kawo bututu na uku, sai da ya wanke hannu ya yi bisimilla kafin ya karɓa. Kwana tara muka yi a kansa. Ni ce mai zuga, ina zaune dirshan da fata biyu a hannu, hijabina ɗaure a ƙugu, hayaƙi na sa ni hawaye. Manoman Bauranya da na Fakuwa da ke kawo gyara suka samu abin kallo, wani ya ce bai taɓa ganin mai digiri na zuga ba, a ƙara masa kuɗin gyaran ma ya yarda. Ban kula su ba, idona na kan tutiya. Kowace kafa biyu sai wuta, ko wayar ta nuna gajiya ko ba ta nuna ba. Murɗawa kuma tare muke yi, don kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, yana ɓoyewa ina gani.

A kafa ta kusa da ƙarshe, muna tsakiyar ja, ya dafe mini hannu. Ni ban ji komai ba. Ya kara kunne kusa da wayar, ya ɗan taɓa ta da farce, ya ce a mai da ita baya a ba ta wuta. Ba a daɗe da ba ta ba, kuma yin hakan zai cinye mana yini guda cikin kwanakin da ba ni da su. Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, na tashi na ɗebo gawayi.

Ta fita kafar ƙarshe ranar wata Laraba bayan azahar, tsawonta gaba biyu da ɗoriya, siririya, santsi, ba tsaga ko ɗaya. Na bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe sau uku. Ya yanke bakinta biyu, inda awartaki ya tauna, ya jefa a gwangwaninsa na tarkace, ya naɗe sauran a faffaɗan zagaye ya miƙo mini. Na yi godiya, ya ce Allah ya ba da sa'a. Har lokacin bai ce amarya ba, na kuwa lura.

A makaranta na yanka ta guntu-guntu na gasa a tanderu yadda ya kamata. Na kai su ƙasar mutane a cikin kwalin man goge baki cike da auduga. Ɗakin gwajin fari fat, injin sanyin yana wani bugu kamar ana daka a gida na uku. Wata ma'aikaciya mai furfura ta nuna mini yadda zan ɗaura guntun a kan sandar tagulla, in manna masa siraran wayoyi huɗu, biyu na shigar da wuta biyu na aunawa. Muka rufe, muka fara sanyayawa. A allon kwamfuta wani layi ke nuna turjiyar wayar, yana gangarowa a hankali yayin da sanyi ke ƙaruwa. Wannan ba komai ba ne, kowane ƙarfe haka yake yi. Abin da nake jira yana wajen digiri ɗari biyu da talatin da huɗu ƙasa da inda ruwa ke ƙanƙara. In garin ya haɗu daidai, kuma bai yanke a wani wuri a ciki ba, a nan layin zai faɗi.

Awa uku ina zaune ban sha ko ruwa ba. Muka iso wurin, layin bai motsa ba. Muka wuce da digiri ɗaya, shiru. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Inna. Sai layin ya ɗan karkata, sannan ya sulale tsaye kamar guga ya tsinke a rijiya, ya kwanta a ƙasan allo bai ƙara tashi ba. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, na kife kaina a tebur, matar nan ta yi ta bubbuga mini baya.

Sauran kwanakin na yi su ina ƙara wa guntayen wuta in ga iyakar abin da za su ɗauka kafin turjiya ta dawo. Ba zan yi ƙarya ba, ba su kai na kamfani ba, guda ɗaya ma ya gaza da wuri. Amma sun ɗauki abin da ya isa a rubuta, ya isa a kare a gaban malamai. Matar ta tambaye ni wane irin inji muka ja ta da shi, don ta ga kaurin bai cika daidaita ba. Na buɗe mata tafin hannuna.

Da na dawo ko kwana ban yi a Kankia ba na wuce Kusada. An fara yankan gero. Na iske shi zaune ba ya aiki, kafaɗar ta hana shi. Na baje masa takardar da layin ke jiki, na nuna masa inda ya faɗi, na ce nan ne wuta ta wuce ba abin da ya tare ta. Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko ta tsinke a hannun mutanen. Na ce ba ta tsinke ba. Ya ce to madalla.

Sai ya jawo gwangwanin tarkacensa ya lalubo wani abu a ƙulle a tsumma. Zobe ne, na baƙin ƙarfe, siriri. Bakin wayar nan ne da ya yanke, ya goge tabon awartakin tas, ya lanƙwasa shi daidai yatsana. Na juya shi na ga bakinsa biyu ba su haɗu ba, akwai 'yar tazara, ba a liƙe ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana liƙe zobba har ba a gane mahaɗinsu.

"Ban sa mishi wuta ba," in ji shi. "Amarya ta hana."

Na sa zoben, na zauna a gurbin mai zuga na yi ta kuka, yana ce mini in bari kada mutane su ce dukana yake yi.

Yana hannuna yanzu da nake wannan rubutu. Garin na nan a ciki, ɗanye, yadda na ɗura shi. Da damina yakan yi tsatsa ya ɓata mini yatsa, sai in cire in goge shi da man gyaɗa in mayar.